Asirin wa ake rufawa? Cocin Katolika da amanar yaran Maraɗi

A ranar 13 ga Maris 2001, Fafaroma John Paul na Biyu ya yanki wani ɓangare na dayosis ɗin Yamai ya kafa na Maraɗi, ya ɗora Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso, a matsayin bishop na farko. Ƙasar da aka damƙa masa ta haɗa jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa, wato kaso mafi girma na faɗin Nijar, alhali mabiyan da ke cikinta tsiraru ne ƙwarai, tun da duka Kiristocin ƙasar, Katolika da sauran ɗariku, ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Mako bakwai bayan haka, ranar 30 ga Afrilu, wannan Fafaroman dai ya sa hannu a wata doka da ta ce duk limamin cocin da aka tuhuma da lalata da yaro, kada bishop ɗinsa ya kashe maganar shi kaɗai, a aika da ita Roma. Ke nan dayosis ɗin Maraɗi sa'an wannan doka ne. An kafa shi a daidai lokacin da ɗarikar Katolika ta fara amsawa, ba don tana so ba, cewa akwai ɓarna a gidanta, kuma shugabanninta sun daɗe suna binne ta.

Wannan sharhi ba tuhuma ba ne a kan wani limami, wata sista ko wata makaranta a Maraɗi, Tibiri ko Jiratawa. Duk wanda ya karanta shi da wannan niyya ya karanta abin da ba a rubuta ba. Abin da nake son kafawa daban ne. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa mai laifin shi kaɗai bai isa ya yi ɓarnar da aka gani ba. Abin da ya ninka ta shi ne hukumar da ta zama ita ce mai karɓar ƙara, ita ce alƙali, ita ce kuma mai ajiyar takardu. Dalilan da suka sa aka yi rufa-rufa a Boston da Dublin kuwa, babu wanda babu shi a Katsinar Maraɗi da Gobir, har da ƙari. Don haka kariyar da za a iya dogara da ita ita ce ƙara ta fita daga cikin gida ta isa gaban alƙalin gwamnati. Sai dai a wajenmu wannan ba zai yiwu ba sai Musulmi masu rinjaye sun ɗauki nasu kason na nauyin, kuma wannan ne ɓangaren da ba a cika faɗa ba.

A watan Janairu na 2002 jaridar Boston Globe ta Amurka ta fara fallasa labarin John Geoghan, limamin da mutum fiye da 130 suka ce ya yi lalata da su suna yara, cikin shekaru wajen 30. Mugun halinsa ya girgiza mutane, amma takardun cocin da kotu ta tilasta a buɗe sun fi girgiza su. Shugabanninsa sun sani. Iyaye sun kai kuka. Abin da aka saba yi shi ne a tura shi jinya na ɗan lokaci, a sauya masa coci, a bar iyayen sabuwar unguwar cikin duhu. Kafin shekarar ta ƙare Kadinal Bernard Law ya sauka daga kujerarsa. Binciken da bishop-bishop ɗin Amurka suka ba kwalejin John Jay, wanda ya fito a 2004, ya ƙirga limamai 4,392 da aka tuhuma tsakanin 1950 da 2002, kimanin huɗu cikin ɗari na waɗanda suka yi aiki a wannan tsakani, da masu ƙara 10,667. Lambar da ta fi cancanta mai karatu ya riƙe ita ce wannan: limamai 149 kacal ne aka ɗora wa alhakin yara kusan 3,000, fiye da rubu'in dukkan ƙararrakin. Mutum ba ya kaiwa ga yaro na goma ko na ashirin sai in an ƙyale shi bayan na farko. Binciken ya kuma nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai na waɗanda aka tuhuma maganarsu ta isa wurin ƴan sanda.

Ƙasa bayan ƙasa, labarin bai sauya ba. Rahoton Murphy na 2009 a kan dayosis ɗin Dublin ya gano cewa abin da shugabannin cocin suka sa a gaba shi ne ɓoye magana, gudun abin kunya, kare sunan coci da tsare dukiyarsa, lafiyar yara tana can baya. A Jamus binciken 2018 ya samu limamai 1,670 da yara 3,677 tsakanin 1946 da 2014. A Ostareliya hukumar binciken da ta zauna daga 2013 zuwa 2017 ta ce bakwai cikin ɗari na limaman da suka yi aiki tsakanin 1950 da 2010 an tuhume su. A Faransa, ƙasar da muka gaji tsarin shari'arta kuma mishan da yawa suka fito daga cikinta, kwamitin Jean-Marc Sauvé ya ƙiyasta a Oktoba 2021 cewa mutum 216,000 ne limamai da masu rayuwar zuhudu suka ci zarafinsu suna yara tun daga 1950, adadin ya kai 330,000 in aka haɗa da malaman makarantun coci da sauran ma'aikatan da ba limamai ba. A lura da wannan bambanci da kyau, domin a wuri irin Maraɗi, inda limamai ƴan kaɗan ne, wanda yaro ya fi haɗuwa da shi kullum shi ne mushen aji, katekis, mai kula da ɗakin kwana, direba ko mai gadi.

Akwai masu cewa wannan cutar Turawa ce, ta lalacewar tarbiyyarsu, kuma ƴan jaridarsu ne ke kambama ta don ƙin addini. An sha jin haka daga bakin manyan coci a Afirka. Wadda ta ba su amsa a gaban Fafaroma Francis, a taron da ya tara shugabannin bishop-bishop na duniya a Vatikan daga 21 zuwa 24 ga Fabrairu 2019, ƴar Najeriya ce, Sista Veronica Openibo. Ta ƙi yarda cewa matsalar ba ta shafi Afirka da Asiya ba, ta kuma nuna cewa talauci, cuta da yaƙi ba su zama hujjar yin shiru a kan wannan ba. Rashin jin ƙara ba ya nufin rashin laifi. Hukumar Ostareliya ta lissafa cewa masu ƙarar cocin Katolika, a tsakaici, sai da suka yi shekara 33 kafin su buɗe baki, a ƙasar da ke da lauyoyi, jaridu masu zaman kansu da likitocin ƙwaƙwalwa. In haka ne, yaron da aka cuta a shekarar da aka kafa dayosis ɗin Maraɗi, ko a Ostareliya yake, har yanzu lokacin maganarsa bai yi ba.

Bayan haka, Afirka ba ta tsaya a matsayin ƴar kallo ba, an mai da ita wurin jibge waɗanda suka gagara a gida. Luk Delft, limami ɗan Beljiyam na ƙungiyar Salesiyan, wata kotun ƙasarsa ta same shi da laifin lalata da yara a 2012, ta hana shi cuɗanya da yara har shekara goma. Shekara guda bayan hukuncin ƙungiyarsa ta tura shi Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, garin Kaga-Bandoro, cikin ƴan gudun hijira, daga baya ma ya zama shugaban Caritas na ƙasar baki ɗaya, har sai da tashar CNN ta bankaɗo lamarin a Nuwamba 2019, tare da sababbin zarge-zarge daga yaran can. A cocin Ingila ma haka aka yi da John Smyth: an san abin da yake yi wa samari tun 1982, aka bar shi ya koma Zimbabwe a 1984, kuma wannan magana ce ta tilasta wa Akbishop Justin Welby yin murabus a Nuwamba 2024. Ƙasa matalauciya mai jin Faransanci, mai ƙarancin limamai, mai maraba da duk baƙon da ya zo da taimako, ita ce irin wurin da aka tura Delft. Wannan siffa ba ta yi nisa da tamu ba.

Yanzu a dubi su wane ne yaran da ke hannun mishan a yankinmu. Yawancinsu ƴaƴan Musulmi ne. Iyaye a Maraɗi suna kai ƴaƴansu lakkwal ɗin mishan don sun yarda da ingancin karatun. A Tibiri, fadar Sarkin Gobir, ƙungiyar sistoci ta Servantes du Christ, wadda marigayiya Marie-Catherine Kingbo ta kafa a 2006 bayan ta zo daga Senegal, tana da makaranta da gidan kwanan ɗalibai, kuma an san ta da yaƙi da tamowa da auren wuri a ƙauyuka. CADEV, reshen Caritas na Nijar, yana raba taimako ba tare da tambayar addinin kowa ba. A Danja, cikin ƙasar Jiratawa, asibitin kutare da cibiyar gyaran yoyon fitsari da aka buɗe a 2012 na mishan ɗin SIM ne, ba na Katolika ba, amma su ma talakawan Musulmi ne ke cika su. Duk waɗannan ayyukan alheri ne, kuma wanda ya musa ya yi butulci. To amma alherin ne kansa ke sa ƙa'ida ta zama dole. Wanda ke riƙe da makullin rumbu, ba a saurin ɗaga masa murya. Uwar da ake ciyar mata da yaro, ake biya masa kuɗin makaranta, in yaron ya zo mata da magana mai nauyi, abu na farko da zai faɗo mata shi ne abin da za ta rasa. A Timor ta Gabas, Richard Daschbach, limami Ba'amurke da ya ɓoye mutane a lokacin mamayar Indonesiya kuma ya riƙe gidan marayu shekaru da yawa, ya samu hukuncin ɗaurin shekara 12 a Disamba 2021 saboda lalata da ƴan matan gidan, amma har lokacin shari'ar jama'a da wasu manyan ƙasar suna tare da shi, ƴan matan ne aka mai da maƙiya. Mutumin ya yi taimako na gaske, ya kuma yi laifi na gaske, taimakon ne ya yi wa laifin katanga.

Sai kuma abin da yake namu, ba mishan ne ya kawo shi ba. Kowa ya san yadda ake yi in aka yi wa yarinya fyaɗe a unguwa: dattawa su zauna a zauren mai unguwa, a ce a rufa wa juna asiri, a biya kuɗin magani, a bar wa Allah. Tambayar da ke kashe ƙara ita ce, wa zai aure ta in maganar ta fita? A jihar Maraɗi, inda binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa kusan 89 cikin ɗari na mata an aurar da su kafin su cika shekara 18, wannan tambaya ba wasa ba ce, kuma ba na raina iyayen da take hana barci. Yaro namiji kuwa nasa ya fi muni, don ba shi ma da kalmomin da zai faɗa wa mahaifinsa, alhali a binciken John Jay 81 cikin ɗari na waɗanda aka cuta maza ne. Rufin asiri hali ne mai kyau in asirin wanda aka zalunta ake rufewa: a ɓoye sunanta, a yi shari'arta ba tare da ƴan kallo ba, a hana bakin unguwa. Abin da aka saba yi kuwa shi ne a yi amfani da kunyar yarinya a lulluɓe azzalumi. Bishop ɗin Dublin da dattijon zaure ba su taɓa haɗuwa ba, amma lissafinsu ɗaya ne, sakamakon ma ɗaya ne: mutumin ya tashi da mutuncinsa ya nufi yaro na gaba.

Ba za a ce Roma ba ta yi komai ba. A 2010 aka tsawaita wa'adin kai ƙara a kotun coci zuwa shekara 20 bayan wanda aka cuta ya cika 18. A 2014 aka kafa hukumar Fafaroma ta kare yara. A Mayu 2019 dokar Vos estis lux mundi ta wajabta wa kowane limami da kowace sista kai rahoton duk abin da suka sani, ta haramta tsangwamar mai kai rahoto ko sa shi yin shiru, ta kuma ba kowane dayosis a duniya, har da na Maraɗi, shekara guda ya buɗe hanyar karɓar ƙara wadda kowa zai iya kaiwa gare ta. A 2023 aka tabbatar da ita dindindin. A Disamba 2019 aka cire irin waɗannan ƙararraki daga ƙarƙashin sirrin Fafaroma, don kada a sake fakewa da shi a hana kotuna takardu. Gyaran kundin hukunce-hukuncen coci da ya fara aiki ranar 8 ga Disamba 2021 ya fitar da laifin daga babin saɓa alkawarin limanci ya sa shi cikin laifuffukan keta rai, mutunci da ƴancin ɗan Adam, wanda ke nufin an daina kallonsa a matsayin zamewar limami, an koma kallon yaron. Waɗannan gyare-gyare ne na gaske. Amma akwai giɓi biyu. Na farko, rahoton da dokar ta wajabta, ga hukumar coci ake kai shi. Maganar ƴan sanda an bar ta ga dokar kowace ƙasa, ko da yake jagoran aiki na 2020 ya shawarci bishop ya sanar da hukuma, ko doka ba ta tilasta ba, duk lokacin da kare yara ya buƙaci haka. Shawara ba umarni ba ce. Na biyu, in bishop ne ake zargi da rufa-rufa, akbishop ɗin lardinsa ne aka saba ba binciken. A Nijar dayosis biyu ne kacal, Yamai da Maraɗi, limamansu kuwa duk sun san juna, sun ci abinci tare, wasu ajinsu ɗaya. Ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba kafin a gane cewa mutanen da suka yi kusa haka ba za su iya bincikar juna yadda zuciyar uwa za ta kwanta ba. Rahoton shekara na farko da hukumar Fafaroman ta fitar a Oktoba 2024 shi kansa ya koka da ƙarancin bayanai da kayan aiki a sassan Afirka. Ga kuma iyaka: daga Maraɗi zuwa Dan Isa da Jibiya tafiyar ɗan lokaci ce, kuma limamin ƙungiya shugabansa na iya kiransa wata ƙasa da takarda ɗaya.

Shi ya sa nake cewa ƙarar ta alƙalin gwamnati ce. Kundin hukunta laifuffuka na Nijar na 1961, bayan gyaran 2003, ya tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga fyaɗe, 15 zuwa 30 in yaron bai kai shekara 13 ba, ya kuma tsananta hukunci in mai laifin yana da iko a kan yaron. Tun 1999 aka samar da alƙalan yara, dokar 2014 ta sabunta tsarinsu. Nijar da fadar Vatikan duk sun rattaba hannu a yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990. Za a ce kotunanmu suna da jan ƙafa, talaka yana tsoron jandarma, mai kuɗi yana iya sayen hanya. Gaskiya ne, ba na musu. Sai dai kotu, duk rauninta, tana da abu biyu da ofishin bishop da zauren mai unguwa ba su da su: tana iya tsare mutum ta raba shi da yara, kuma tana barin rubutaccen tarihi da zai bi shi duk inda ya je neman aiki. Iyakar abin da kotun coci za ta iya shi ne ta tuɓe masa rigar limanci, shi kuma tuɓaɓɓen limami yana iya buɗe makarantar kuɗi a wani gari. Batun sirrin ikirari, wanda Vatikan ta sake jaddadawa a 2019 cewa ba a karya shi, ana yawan jayayya a kansa, amma ba shi ne ƙofar da ɓarnar ta bi ba. Takardun Boston da Dublin cike suke da wasiƙun iyaye da koke-koken da aka kai ofis da rana tsaka.

A nan ne za a kawo hujja mafi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa, kuma dole a saurare ta da kunnen basira. Kirista a Maraɗi zai ce: kana son mu kai limaminmu kotu a garin da aka ƙona mana coci saboda abin da ba mu muka yi ba? Bai yi ƙarya ba. A Nuwamba 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, wanda a Yamai aka yi shi, ta ƙare da kai hari a harabar SIM da wani coci a Maraɗi. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, saboda zanen wata jaridar Faransa, an kashe mutum 10 a Damagaram da Yamai, an ƙona coci-coci da yawa, har da mishan ɗin Katolika na Damagaram, wanda ke ƙarƙashin bishop ɗin Maraɗi. A Yuni 2019, bayan kama wani malami da ya soki dokar tsara ibada, an cinna wa cocin Assemblées de Dieu na unguwar Zariya a Maraɗi wuta. A duka ukun babu Kiristan garin da ya yi laifin komai. To ina ga ranar da aka ce wani limami ya taɓa ɗan Musulmi? Bishop ɗin da ke auna wannan ba sunan coci kawai yake karewa ba, rayukan mabiyansa yake lissafawa. Abin da nake so Musulmi ya gane shi ne, duk wanda ya ɗauki galan ɗin fetur ya nufi coci, ya ƙara wa rufa-rufa hujja, kuma yaron da za a binne maganarsa saboda wannan tsoro, mafi yawan zato, ɗan Musulmi ne. Taron fushi ba ya kare yara, yana koya wa kowace hukuma cewa faɗar gaskiya kasada ce. Amma ga bishop ɗin ma akwai amsa. Magana irin wannan ba ta binnuwa har abada, a zamanin WhatsApp kuwa ba ta ma daɗewa. In ta fito daga bakin coci, tare da shaidar cewa shi ya kai mutumin ga hukuma, laifin mutum ɗaya ne. In ta fito bayan shekaru tare da shaidar an sani an ɓoye, ta zama laifin jama'a duka a idon gari. Ko ta fuskar tsaron Kirista aka duba, ɓoyewa ta fi haɗari.

Wani Musulmin kuma zai ce ai maganin a fili yake, a bar limamansu su yi aure. Masana sun yi saɓani a kan wannan. Bincike na biyu na John Jay, na 2011, bai ga rashin aure a matsayin sanadi ba, ya fi ɗora nauyi a kan samun dama da rashin sa ido. Hukumar Ostareliya ta ce ba shi ne sanadi kai tsaye ba amma yana iya taimakawa, ta ba da shawarar a duba mai da shi na zaɓi. Abin da ba a saɓani a kansa shi ne aure bai hana ba. Jaridar Houston Chronicle ta ƙirga a 2019 shugabanni da ma'aikata kusan 380 na cocin Baptis na kudancin ƙasar Amurka, ɗarikar da fastocinta ke aure, da waɗanda suka cuta fiye da 700. Kwamitin Sauvé ya nuna cewa cikin dangi da abokan gida ne aka fi cin zarafin yara, coci yana biye. Mu ma ba sai mun je nesa ba. A Satumba 2019 ƴan sanda sun fito da mutum fiye da 300, da yawansu yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu suna ba da labarin lalata. A watan da ya biyo baya aka sake ganin irinsa a Daura. Almajirin da aka kawo Maraɗi daga ƙauye yana ɗan shekara bakwai, yana kwana cikin gardawa, iyayensa ba sa ganinsa sai shekara, ya fi ɗan makarantar mishan zama cikin haɗari, kuma tsangayarsa ba ta da ko irin dokar da muke cewa ta Roma ta gaza. Wanda ya karanta laifin Katolika yana murna bai fahimci komai ba.

Saura tsoron ƙazafi, kuma a wurin da Kirista ke tsiraru ba tsoron banza ba ne, don ana iya ƙulla wa limami sharri saboda gaba ko neman kuɗi. Dokar cocin kanta ta ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Dakatar da mutum daga hulɗa da yara yayin bincike ba hukunci ba ne, kuma limamin da aka yi wa ƙarya, kotu ce kaɗai za ta iya wanke shi wankewar da gari zai yarda da ita. In ƴan'uwansa ne suka wanke shi a ɗaki, zargin zai bi shi har kabari.

Rigakafin kansa ba ya cin kuɗi mai yawa, ladabi yake ci. Kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki rufe, ko limami ne ko mushe; kada yaro ya kwana a gidan limami ko a aike shi ɗakin kwanansa; manya biyu a kowane ɗakin kwanan ɗalibai da kowace tafiya. Duk wanda ya zo aiki daga wata ƙasa ya zo da takardar shaidar kotu ta ƙasarsa da rubutacciyar shaidar shugabansa cewa ba a taɓa tuhumarsa ba, dayosis kuma ya bincika da kansa, tun da shugabannin Delft sun san komai suka tura shi. Mai karɓar ƙara kada ya zama wanda albashinsa ke hannun wanda za a kai ƙara, a samu mace a ciki, a samu Musulmi a ciki tun da ƴaƴansu ne suka fi yawa, a rubuta sunayensu da Hausa a ƙofar makaranta, ba da Faransanci kaɗai a cikin wani kundi a ofis ba. In abu ya faru, likita ne farko: maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, kuma shaidar jiki tana gushewa da wanka da kwanaki, alhali kwana ukun nan su ne ake ɓatawa a zaman sulhu. Daga likita sai ƴan sanda ko jandarma, sa'annan a sanar da bishop. Kuɗin magani da na karatun yaron wajibi ne a kan hukumar da aka ba amanarsa, amma duk kuɗin da aka bayar da sharaɗin yin shiru cin hanci ne, ko da an kira shi taimako.

Kirana ga bishop ɗin Maraɗi, Sarkin Katsinar Maraɗi, Sarkin Gobir na Tibiri, hakimai da limaman Juma'a shi ne su yi wannan magana tun babu ƙara a ƙasa, su faɗe ta a bainar jama'a da baki ɗaya: duk malamin addinin da ya taɓa yaro, na coci ko na tsangaya, za a miƙa shi ga alƙali, kuma babu wanda zai taɓa jama'arsa ko wurin ibadarsu saboda laifinsa. Kai kuma mai karatu, in kana da yaro a makarantar mishan, a islamiyya ko a gaban malamin allo, ka je ka tambaya: in wani abu ya sami ɗana a nan, wa zan gaya wa, kuma shi wannan ɗin a ƙarƙashin wa yake? In ba a ba ka amsa ba, ka koma ka sake tambaya, ka tafi da wasu iyayen.